Bam na Biyu: Nazarin Harin Tudun Biri da Haƙƙin Farar Hula

Maulidin ƙauye ba ya bin kalanda. A cikin birnin Zariya, da Rabi'ul Awwal ya kama za ka ga 'yan Islamiyya sun cika titi daga Ƙofar Doka zuwa Babban Dodo da tutoci da sabon ɗinki, kafin wata ya mutu an gama an watse. Amma ka fita Dakace ko Wuciciri ko Dutsen Abba, lissafin daban ne. Can sai an girbe masara, an sayar da waken suya, kuɗi sun shigo hannu, sannan a sa rana. Wannan ƙauye ya ɗauki wannan Lahadi, na kusa da shi ya ɗauki mai zuwa, don kowa ya samu halartar na ɗan'uwansa. Da dare ake yi, bayan an dawo daga gona an ci tuwo: janareta na ruri, lasifika a rataye a reshen bishiya, maza a gefe, mata a gefe, yara a gaba kan tabarma suna jiran a kira su su yi karatu.

A 2023 gwamnati ta ba da hutun Maulidi ranar 27 ga Satumba. Mutanen Tudun Biri kuwa sai 3 ga Disamba suka yi nasu, watan Jimada Ula har ya raba. Duk yaron da ya tashi a ƙasar Zazzau ba zai ga wani abin mamaki a nan ba. Wanda ya zauna gaban allo a daren nan yana kallon taron daga sama, ko dai bai san haka ba, ko bai tsaya ya tuna ba.

Abin da ya faru

Tudun Biri ƙauye ne a ƙaramar hukumar Igabi, maƙwabciyarmu ta kudu. Ƙasar Zazzau ce, hedikwatarta ma Turunku, inda sarautarmu ta zauna kafin ta dawo Zariya. Daren Lahadin nan, ana tsakiyar taro, jirgi marar matuƙi na Sojin Ƙasa ya saki bam a kan jama'a. Waɗanda suka tsira sun ce da farko kowa ya tarwatse, daga baya mutane suka dawo ɗaukar masu rauni da gawarwakin 'yan'uwansu. Bayan kamar rabin awa bam na biyu ya sauka a kansu.

Hukumar agajin gaggawa ta ƙasa, NEMA, ta ce an binne mutum 85. Amnesty International ta ce sun haura 120. Mata da yara ne suka fi yawa. Aka kwashi masu rauni zuwa Asibitin Barau Dikko da ke Kaduna.

Ranar Litinin Sojin Sama suka fara fitowa suka ce ba su ba ne, ba su yi wani aiki a Kaduna ba cikin sa'o'i 24 da suka wuce. A ranar dai aka yi taron tsaro ƙarƙashin Mataimakiyar Gwamna, Dakta Hadiza Balarabe, sai Kwamishinan Tsaron Cikin Gida na lokacin, Samuel Aruwan, ya sanar cewa babban kwamandan Runduna ta Ɗaya, Manjo Janar Valentine Okoro, ya amsa cewa Sojin Ƙasa ne: suna aikinsu na farautar 'yan ta'adda, abin ya shafi mutanen gari ba da niyya ba. Kashegari Babban Hafsan Sojin Ƙasa, marigayi Laftanar Janar Taoreed Lagbaja, ya taka har ƙauyen ya ba da haƙuri. Shugaba Tinubu ya ce a yi bincike.

A ba su nasu. Wanda ya san yadda ake irin wannan a ƙasar nan ya san amsa laifi cikin kwana guda ba ƙaramin abu ba ne. A Janairun shekarar ma an yi wa makiyaya kusan 40 ruwan wuta a ƙaramar hukumar Doma ta jihar Nasarawa, sai bayan watanni Sojin Sama suka amsa cewa su suka kai harin. Hausawa dai sun riga sun faɗa, abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

A kuma tuna irin ƙasar da abin ya faru. A Igabin nan aka sace ɗalibai 39 daga kwalejin gandun daji ta Afaka a Maris ɗin 2021. A Agustan shekarar 'yan bindiga suka shiga har cikin makarantar horar da hafsoshi ta NDA suka kashe hafsoshi biyu. Mu ma nan Zariya sun shigo mana kwalejin Nuhu Bamalli a Yunin 2021. A Maris ɗin 2022 suka tare jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna. Mu da kanmu muka riƙa kururuwa a kawo jirage a shiga daji. Don haka ba da bakin wanda bai san zafin 'yan bindiga ba nake wannan magana.

Tsohon saje

Akwai wani dattijo a layinmu a Tudun Wada, tsohon saje ne. A Defon nan namu, da ke horar da kurata tun 1924, ya ci kwakwa, ya je Laberiya da Saliyo zamanin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma. Ranar Talatar nan na same shi bakin teburin mai shayi, ya ajiye rediyo a cinya, shayinsa har ya yi fata bai taɓa ba. Na gaishe shi, na ce masa abin nan ya yi muni.

Ya ce, "Malam, kai ba ka taɓa kwana a rami ba. Soja ba ya jiran ɗan bindiga ya nuna masa katin shaida. Ka tsaya tambaya, gawarka za a ɗauko."

Na ce, "Gaskiya ne, Baba. Amma shi wanda ya danna wancan abin ba a rami yake ba. Babu mai harbinsa."

Ya daɗe bai ce uffan ba. Can ya tura kofin gefe ya ce, "Na farkon, in aka matsa mini, zan iya nemo musu uzuri. Na biyun ne ya hana ni barci. Ka jefa wa ɓarayi bam, me za su yi? Kowa ya haye babur, daji ya haɗiye su. Wanda ka ga ya rugo da ƙafa yana komawa inda wuta ta faɗi, ai ɗansa ne a wurin."

Baba Saje bai taɓa buɗe littafin doka ba, amma a tsakanin maganarsa ta farko da ta biyu dukan shari'ar take.

Wace doka ce ma ke hukunci a nan?

Dokar yaƙi ba ta aiki sai in akwai yaƙi, kuma ita ke faɗin mene ne yaƙi, ba gwamnati ba. Tushenta Yarjejeniyoyin Jeniba guda huɗu na 1949, da ƙarin yarjejeniyoyi biyu na 1977. Najeriya ta shiga na farkon a 1961, ta shiga ƙarin a 1988. Mafi yawan abin da ke ciki don yaƙin ƙasa da ƙasa aka rubuta. Yaƙin cikin gida, sashe na 3 da dukan huɗun suka yi tarayya a kansa, da Ƙarin Yarjejeniya ta Biyu, su ne nasa. Ma'aunin da ake amfani da shi ya fito ne daga kotun da ta yi shari'ar yaƙin Yugoslabiya, a shari'ar Tadic ta 1995: sai faɗan ya yi tsanani ya ɗore, sai kuma ƙungiyar da ake faɗa da ita tana da tsari da shugabanci.

Boko Haram a arewa maso gabas babu gardama. 'Yan bindigar dajinmu kuwa masana sun rabu a kansu, don dabobi ne barkatai, kowace da kacallanta, yau su haɗu gobe su kashe juna kan shanu. Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ayyana su 'yan ta'adda a Nuwamban 2021, gwamnati ta buga a gazet a Janairun 2022, amma laƙaba wa mutum sunan ɗan ta'adda ba shi ke mayar da ƙasa fagen yaƙi ba.

Wannan gardamar ba ta malaman shari'a na jami'ar ABU da ke Kongo ba ce kawai. In babu yaƙi, to sashe na 33 na kundin tsarin mulki da sashe na 4 na Yarjejeniyar Afirka kan haƙƙin ɗan Adam su ke aiki, kuma a ƙarƙashinsu hukuma kama mai laifi take yi, ba ta kashe shi sai in babu makawa. Bam a kan taro ba shi da ko ƙofar shiga. Dokar yaƙi ita ce mai sauƙin, ita ta yarda a kashe abokin gaba ko yana barci. Saboda haka bari mu bai wa sojoji wadda ta fi musu rangwame, mu ce yaƙi ake yi, mu ga ko harin zai tsallake.

Ginshiƙin dokar shi ne bambancewa tsakanin mayaƙi da farar hula. Sashe na 13 na Ƙarin Yarjejeniya ta Biyu ya ce ba a kai wa farar hula hari, matuƙar ba su shiga faɗa da hannunsu ba. Ban yarda akwai wanda ya tashi a daren nan da niyyar kashe masu Maulidi ba, kuma babu wata hujja da ta nuna haka. Sai dai dokar ba ta tsaya a kan niyya ba. Sashe na 57 na Ƙarin Yarjejeniya ta Ɗaya ya ɗora wa mai shirya hari da mai ba da umarni su yi duk abin da zai yiwu su tabbatar cewa abin da za su buga na yaƙi ne, kuma su fasa ko su dakata in ta bayyana ba haka ba ne. An rubuta shi don yaƙin ƙasashe, amma nazarin da ƙungiyar Red Cross ta duniya ta fitar a 2005, mai ƙa'idoji 161, ya nuna cewa wannan taka-tsantsan ya zama al'adar da ta hau kan kowa, har a yaƙin cikin gida.

Ana yi wa kwamanda adalci a nan. Ba a auna shi da abin da aka gano bayan gari ya waye, ana auna shi da abin da ya sani ko yake da halin sani a lokacin. Ƙa'idar ta samo suna daga wani janar na Jamus, Lothar Rendulic, wanda ya ƙone arewacin Norwe yana zaton sojojin Rasha na biye da shi. Zaton bai zama gaskiya ba, amma kotun Nuremberg ba ta kama shi da wannan laifin ba, don ta ga yanayin da ya yanke shawara a ciki. Wannan rigar kariya ce ga wanda ya duba iyakar iyawarsa ya kasa gani. Ba ta shiga wanda bai duba ba.

To me zai yiwu a daren nan? A nan ne jirgi marar matuƙi ke zama shaida a kan mai shi. Duk abin da ake yabon wannan na'ura da shi haƙuri ne: tana iya shawagi sa'o'i, mai sarrafa ta na zaune nesa, babu harsashin da zai same shi, babu saurin ƙarewar man jirgi da zai sa shi gaggawa kamar matuƙin jirgin yaƙi. Kyamarar dare ta irin waɗannan jirage zafin jiki take nunawa, mutane su fito kamar farin tabo a baƙin allo. Ba ta jin lasifika, ba ta jin ishiriniya. Ba ta rabe tasbaha da bindiga daga nesa. Wanda ya san na'urarsa kurma ce, shi ya fi kowa buƙatar ya nemi kunne a ƙasa: dagaci, mai unguwa, 'yan sanda, 'yan banga, ko sojojin da ke kusa. Waya guda. Kuma ko a allon, ƙananan tabo da yawa jere a gaba, taro ya rabu gida biyu, an daɗe a zaune wuri ɗaya cikin gari, ya isa ya sa mutum ya ɗaga yatsansa daga maɓalli ya sake tambaya.

Ba kuma sabon darasi ba ne. Ranar 17 ga Janairun 2017 jirgin Sojin Sama ya yi wa sansanin 'yan gudun hijira na Rann, a Kala Balge ta jihar Borno, ruwan bam. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta ce kusan mutum 90 suka mutu, shugaban ƙaramar hukumar ya ce sun haura 200, cikinsu har da ma'aikatan Red Cross. Da hedikwatar tsaro ta zo bayani bayan watanni, cewa ta yi ba a sa wurin a taswirar aiki ba. An ga mutane sun taru inda takarda ta ce babu kowa, aka ɗauka abokan gaba ne. Shekara kusan bakwai tsakani, ramin da aka faɗa a Rann shi aka sake faɗawa a Igabi.

A kwanakin farko kakakin hedikwatar tsaro, Manjo Janar Edward Buba, ya kawo cewa 'yan ta'adda kan saje da jama'a da gangan. Haka ne, suna yi, kuma laifi ne a kansu, kamar yadda garkuwa da mutane ya haramta a kansu a sashe na 3 ɗin nan. Amma dokar ta riga ta hango wannan uzuri. Sashe na 50 na Ƙarin Yarjejeniya ta Ɗaya ya ce kasancewar wasu mayaƙa cikin jama'a ba ya cire wa jama'ar rigarsu ta farar hula, kuma in ana shakkar mutum, farar hula za a ɗauke shi. Sashe na 51 ya hana harin da ɓarnar da ake hange ga farar hula ta rinjayi ribar yaƙin da za a samu. A ce ma akwai ɓarayi biyar zaune a bayan taron. Wane kacalla ne kansa ya kai yaran ƙauye guda?

Rabin awa

Komai na sama ana iya jayayya a kai, tunda ba a nuna wa jama'a abin da allon ya nuna ba. Bam na biyu kam jayayyarsa gajera ce.

Tsakanin na farko da na biyu akwai lokaci, kuma jirgin na sama. Aikin mai hari ne ya duba abin da ya buga kafin ya ƙara. Wajibcin tabbatarwa ba a yinsa sau ɗaya a ce an gama, kowane bam da nasa. Abin da ya zama zato kafin na farko, bayansa ya samu sababbin shaidu: ba a mayar da wuta ba, mutane na fitowa daga gidaje suna dosar wurin, ana sunkuyawa, ana ɗaukar wani abu ana rungumewa. Sashe na 3 ya ce a tattara masu rauni a kula da su. Wanda rauni ya kayar ya fita daga yaƙi, ko da da bindiga ya zo. Farar hular da ya je ɗaukar mai rauni bai shiga faɗa ba, ko da wanda ya ɗauka ɗan bindiga ne. Ashe ko da an bar wa sojoji zatonsu na farko yadda yake, ba a taɓa shi ba, sai sun sake kawo hujja sabuwa kan su wane ne waɗannan da suka rugo.

Sojojin da kansu ba su tsaya kan uzurin farko ba. A farkon Mayun 2024 Janar Buba ya sanar cewa an gama bincike, an ga bai kamata a kai harin ba, kuma hafsoshi biyu za su gurfana gaban kotun soja. Bai faɗi sunayensu ba, ba a kuma miƙa wa jama'a rahoton ba.

Laifin yaƙi ne? A ma'aunin kotun hukunta manyan laifuka ta duniya da ke Heg, wadda Najeriya ta shiga a 2001, sai an tabbatar da niyya da sani, sakaci kaɗai bai isa ba. Mutane da yawa in sun ji haka sai su ɗauka magana ta mutu. Ba ta mutu ba. Mutum na iya kuɓuta daga sunan mai laifin yaƙi, ƙasarsa kuma ta zama ta karya doka, kuma ƙasa ce ke ɗaukar alhakin abin da sojanta ya yi. Tun yarjejeniyar Heg ta 1907 aka rubuta cewa wanda ya karya ƙa'idar yaƙi zai biya.

A zauren Malam

Kalmomi biyu suka fi yawo a garin nan a makon: kuskure da ƙaddara. Duka biyun gaskiya ne, duka biyun kuma an yi amfani da su kamar murfin tukunya.

Ina ɗaukar karatu wurin wani malamin zaure a Unguwar Kona. Bayan an shafa fatiha ranar Asabar, sauran ɗalibai sun tashi, na matsa na ce, "Allah gafarta Malam, ana cewa tunda kuskure ne sai haƙuri."

Ya cire tabarau ya ɗora kan buzu. Ya ce, "Ɗan nan, haƙuri na wanda aka yi wa ne. Wanda ya yi, nasa hukunci ne. Ɗauko Suratun Nisa'i."

Ya sa na karanta aya ta 92: wanda ya kashe mumini bisa kuskure, akwai kaffara a kansa, akwai diyya da za a miƙa wa iyalan mamacin, sai fa in su suka yafe. Ya ce in lura, Allah da kansa ya kira shi kuskure, amma bai ce a tashi a watse ba. Sannan ya sa na tsallaka aya ta 94, inda aka ce wa muminai in sun fita yaƙi su yi bincike su tabbatar, kada su ce wa wanda ya yi musu sallama kai ba mumini ba ne. Sau biyu umarnin ya zo cikin aya guda. Sababinta kuwa wani mai 'yan tumaki ne da sahabbai suka riska, ya yi musu sallama, suka zaci dabarar tsira ce, suka kashe shi. Abin da sashe na 57 ya yi wa dogon Turanci, kalma ɗaya ce a nan.

Daga nan ya kawo labarin Banu Jazima. Bayan buɗe Makka Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aika Khalid ɗan Walid wurinsu. Mutanen ba su iya faɗin "mun musulunta" yadda aka saba ba, suka yi amfani da wata kalma, Khalid ya fahimce su a baibai, aka kashe wasu aka kama wasu, har ya ba da umarni kowa ya kashe wanda ke hannunsa. Abdullahi ɗan Umar ya ce wallahi ba zai kashe nasa ba, mutanensa ma ba za su kashe ba. Da labari ya isa, Annabi ya ɗaga hannu ya ce ya Allah na barranta zuwa gare ka daga abin da Khalid ya aikata, har sau biyu. Masu tarihi suka ce ya tura Sayyidina Ali da dukiya ya biya jini da kaya, har kwanon da kare ke lasa.

Malam ya ce, "Ka ƙirga. An kira sunan kwamandan a bainar jama'a, alhali Takobin Allah ne. Ba a zargi ƙaramin da ya ƙi bin umarni ba. An biya kowa da kowa, da lissafi. Khalid bai daina jan runduna ba, amma har yau yaran makarantar allo sun san abin da ya yi."

Wasiyyar Sayyidina Abubakar ga rundunar Sham, wadda ke cikin Muwaɗɗa, kowa ya haddace ta: kada a kashe mace, ko yaro, ko tsoho tukuf, kada a sare itace mai 'ya'ya. Muna son kawo ta don mu nuna mun riga Turawa. Mun riga su ɗin. Amma ɓangaren da ya fi mu wuya shi ne na Banu Jazima, abin da ake yi bayan hannu ya riga ya kuɓuce.

Gudummawa da diyya

Bayan harin kuɗi sun zubo. Sanatoci sun ba da albashinsu na wata guda, naira miliyan 109. Wasu ma da yawa sun bayar. Mataimakin Shugaban Ƙasa Kashim Shettima ya je dubiya asibiti, aka yi alkawarin sake gina ƙauyen. Babu mai raina alheri.

Sai dai gudummawa daban, diyya daban. Gudummawa mai bayarwa ke yanke adadinta, ya zo da 'yan jarida, a yi masa godiya. Diyya bashi ce: adadinta sananne, mai ita sananne, magada ke karɓa da sunan mamacinsu, ba kwamiti ba, kuma su kaɗai ke da ikon yafewa, kamar yadda Huzaifa ya yafe jinin mahaifinsa da Musulmi suka kashe bisa kuskure a Uhudu. A mazhabarmu raƙuma 100 ne, ko dinari 1,000 ga masu zinare, kimanin kilo huɗu da kwata ke nan. Da ma'aunin zinare a farashin lokacin, duk abin da sanatocin suka tara bai kai jinin mutum ɗaya ba. Titi da asibiti kuwa haƙƙin Tudun Biri ne tun kafin a kashe kowa. In sai an binne mutum 85 ƙauye zai ga kwalta, to kada a sa kwaltar a lissafin jini.

Manyan ƙasashe ma ba su fi mu tsarki ba. A Oktoban 2015 jirgin Amurka ya ragargaza asibitin MSF a Kunduz ta Afganistan, mutum 42 suka mutu. Sojoji 16 aka ladabtar, babu wanda aka gurfanar, kuɗin da aka bai wa iyalai ma na ta'aziyya aka kira su. Abu ɗaya da suka yi shi ne fitar da rahoton binciken, duk da an shafe wasu wurare, har mutum ya iya bin sawun inda aka yi kuskuren mataki mataki. Amfanin rahoto ke nan. Ba don a kunyata hafsa ba, don wanda zai zauna kan kujerar gobe ya san wace waya ce ba a buga ba.

Mu mutanen Zariya mun san makomar takardar bincike. Abin da ya faru a nan cikin Disambar 2015 tsakanin sojoji da mabiya Harkar Musulunci ba yaƙi ba ne a ma'aunin doka, don haka ba ma dokar Jeniba ce ke hukunta shi ba. Kwamitin shari'a da jihar Kaduna ta kafa ƙarƙashin Mai Shari'a Mohammed Lawal Garba ya ji daga bakin gwamnatin jihar cewa an binne gawa 347 a rami guda a Mando, ya kuma ba da shawarar a gurfanar da masu hannu. Kowa na da ra'ayinsa kan ƙungiyar, ni ma ina da nawa. Amma wancan rahoton an fitar da shi, aka karanta, aka ajiye. Na Tudun Biri sanarwarsa kawai aka ji.

A Satumban 2024 mutanen Jika da Kolo, a ƙaramar hukumar Giwa, suka ce jirgi ya kashe musu mutane sama da 20, Sojin Sama suka ce maɓoyar 'yan ta'adda suka buga. Ranar Kirsimeti ta shekarar aka sake yi a Silame ta jihar Sakkwato. Giwa dai daga Shika ba nisa.

Da kakar da ta biyo baya, ƙauyen su maiɗakina, can gabas da gari, suka tashi shirya nasu Maulidin. Surukina ya aiko a rubuta musu takarda. Na rubuta da Turanci, na sa rana da wuri da yawan mutanen da ake sa rai, aka buga kwafi uku a shagon kwamfuta a Tudun Wada. Aka kai wa dagaci ɗaya, 'yan sanda ɗaya, ɗaya kuma aka miƙa wa sojojin da ke shingen hanya, wani kofur ya karɓa ya ninke ta huɗu ya sa a aljihun gaba. Aka fara taro bayan la'asar maimakon bayan isha, aka sallami yara kafin duhu ya yi, shinkafar ma a tsaye aka ci.

Da na ba Baba Saje labari, ya ce in nuna masa kwafin da ya rage a wayata. Ya riƙe ta nesa da ido ya karanta har ƙasa.

Ya ce, "Takarda ta yi kyau, Malam. Shi kofur ɗin, ka tambaye shi wa zai kai wa?"

Na ce ban tambaya ba.

Ya miƙo mini wayar, ya kira mai shayi ya ce a ɗumama masa.